Fashin baƙi: Yadda Soundgarden ta haɗa metal da pank a faifan Badmotorfinger

Tsakanin ƙarshen watan Agusta da farkon Oktoba na 1991, ƙungiyoyin mawaƙa uku daga jihar Washington da ke arewa maso yammacin Amurka suka fitar da fayafayen da suka sauya alƙiblar kiɗan rok. Pearl Jam ta fitar da Ten ranar 27 ga Agusta, Nirvana ta biyo da Nevermind ranar 24 ga Satumba, Soundgarden kuma ta zo da Badmotorfinger ranar 8 ga Oktoba. Biyun farko sun yi kasuwar da ba a yi tsammani ba, har Nevermind ya ture faifan Michael Jackson daga saman Billboard, jadawalin fayafayen da suka fi sayuwa a Amurka, a Janairun 1992. Na ukun bai wuce lamba ta 39 ba. Duk da haka, duk wanda yake son ya gane daga ina wannan kiɗa da aka laƙaba wa suna giranj ya samo asali, Badmotorfinger ne ya kamata ya kasa kunne ya saurara, domin a cikinsa ne ake jin iyayen kiɗan biyu, metal da pank, kowa da muryarsa, ba wanda ya danne wani.

Haɗa waɗannan biyun ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamanin, saboda ba sa ga maciji da juna.

Metal ya taso ne a Birmingham ta Ingila, garin masana'antu, a hannun ƙungiyar Black Sabbath da ta fitar da faifanta na farko a 1970. Mai jitarsu Tony Iommi ya rasa kan yatsunsa biyu a wani hatsari a masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, don haka daga baya ya riƙa sassauta tsirkiyoyin jitarsa domin su yi masa sauƙin dannawa. Tsirkiyar da aka sassauta kuwa muryarta kan yi ƙasa, ta yi kauri. Abin da ya fara a matsayin lalura sai ya zama ginshiƙin kiɗa guda: nauyi, tafiya a hankali, da wani gajeren kari da jita ke maimaitawa tana gina waƙar gaba ɗaya a kansa, wanda makaɗa ke kira rif. Metal yana girmama gwaninta. Mai jita sai ya shekara da shekaru yana horar da yatsunsa, mai waƙa kuma sai ya iya ɗaga murya ta kai inda ta sauran mutane ba ta kaiwa. Amma da aka shiga shekarun 1980, babban reshen wannan kiɗa ya koma Los Angeles ya zama harkar ado da nuna isa. Ƙungiyoyi irin su Mötley Crüe da Poison suka cika MTV, tashar talabijin ta kiɗa, da tulin gashi, kwalliya, da waƙoƙin sharholiya.

Pank kuwa tawaye ne ga duk wannan. Faifan Ramones na farko da ya fito a New York a 1976 yana da waƙoƙi 14, kuma dukansu ba su cika minti 30 ba. Aƙidar 'yan pank ita ce ba sai ka ƙware ba kafin ka hau dandamali, abin da kake son faɗa ya fi ƙwarewar yatsunka muhimmanci, kuma mawaƙi bai fi mai sauraro daraja ba. Suna buga fayafayensu da kansu, suna yin wasa a ƙananan ɗakuna, suna kwana a cikin mota. A wurin ɗan pank, ɗan metal mai fankama ne da ya sayar da kansa ga manyan kamfanoni. A wurin ɗan metal, ɗan pank malalaci ne da bai iya kiɗa ba, yake fakewa da hayaniya. A manyan birane kowane ɓangare da wuraren wasansa, da shigarsa, da mujallunsa.

Seattle, birni mafi girma a jihar Washington inda Soundgarden ta taso, ta bambanta ne saboda ƙanƙantar da'irar makaɗanta da kuma nisanta. A lokacin gari ne na ruwan sama da kamfanin jiragen Boeing, a can ƙurya, kuma manyan ƙungiyoyi da yawa ba sa wahalar da kansu su biyo ta nan idan suna zagayen wasa. Matasan da ke son kiɗa mai ƙarfi ba su da yawan da za su rabu gida biyu. Yaron da ya girma da fayafayen Black Sabbath da Led Zeppelin a ɗakin yayansa shi ne dai yake zuwa kallon 'yan pank da dare. Sai kuma a 1984 ƙungiyar Black Flag ta California, wadda ake ɗauka a matsayin uwa a fagen pank mai tsananin sauri, ta fitar da faifan My War, wanda gefensa na biyu waƙoƙi uku ne kacal, kowacce ta haura minti shida, suna jan ciki kamar na Black Sabbath. Magoya bayansu da dama suka ce an ci amanarsu. A jihar Washington kuwa sai aka karɓi abin hannu bibbiyu. Ƙungiyar Melvins ta rage gudu ta ƙara nauyi, sauran suka bi sahu. A 1986 wani ƙaramin kamfani mai suna C/Z ya tattara ƙungiyoyi shida na yankin a faifai ɗaya, Deep Six, kuma Soundgarden na cikinsu tare da Melvins da Green River da Skin Yard.

An kafa Soundgarden a 1984. Chris Cornell, wanda duniya ta sani da murya, ganga yake kaɗawa a farko yana waƙa daga bayanta. Mai jita Kim Thayil, wanda iyayensa 'yan asalin jihar Kerala ta Indiya ne, da mai jitar bas (jita mai kaurin murya) Hiro Yamamoto, ɗan Amurka mai tushen Japan, sun taso ne a garin Park Forest na jihar Illinois kafin su yi ƙaura zuwa yamma. Tarihin kamfanonin da suka buga musu fayafayi shi kansa yana ba da labarin. Sun fara da Sub Pop ta Seattle a 1987, suka koma SST, kamfanin da Greg Ginn na Black Flag ya kafa, inda suka fitar da Ultramega OK a 1988. Abin mamaki, wannan faifai da ya fito daga gidan 'yan pank shi aka sa a takarar Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, a rukunin metal. Daga nan suka shiga babban kamfanin A&M, suna cikin na farkon da suka yi haka daga Seattle, suka fitar da Louder Than Love a 1989. Kirk Hammett, mai jitar ƙungiyar metal ta Metallica, ya sha faɗa cewa wannan faifan yake saurara lokacin da rif ɗin waƙarsu Enter Sandman ya zo masa.

Louder Than Love yana da ƙarfi, amma kusan duk waƙoƙinsa tafiya ɗaya suke yi. Abin da ya sauya kafin 1991 mutum ɗaya ne. Yamamoto ya bar ƙungiyar a 1989, Jason Everman ya riƙe wurin na ɗan lokaci, sannan a 1990 aka ɗauki Ben Shepherd, wanda shi ne ƙaraminsu, kuma ya fito ne kai tsaye daga da'irar pank, daga wata ƙungiya da ake kira March of Crimes. Shepherd yana rataye jitarsa can ƙasa kusa da gwiwa, yana dukan tsirkiya da ƙarfi, kuma ya zo da waƙoƙinsa. A Badmotorfinger duk mutum huɗun sun rubuta kiɗa: Cornell, Thayil, Shepherd, da makaɗin ganga Matt Cameron. Wanda ya jagoranci ɗaukar faifan a situdiyo shi ne Terry Date, mutumin da a daidai wannan tsakanin yake aiki da Pantera, ƙungiyar metal ta Texas. Wato sabon jinin pank ya shigo cikin ƙungiyar, aka kuma damƙa sautin a hannun gwanin metal.

To, me kunne ke ji?

Abu na farko shi ne zurfin sautin. Jita tana da tsirkiya shida, kuma akwai yadda aka saba ɗaure su. Soundgarden ba sa bin wannan ƙa'ida. A waƙar Outshined sun sassauta tsirkiyar da ta fi kauri da mataki ɗaya. A Rusty Cage, wadda ta buɗe faifan, sun sassauta ta sosai har ta kusa shiga yankin jitar bas, tana rawa a kan itacen tana gurnani. Wanda ya taɓa lura da makaɗin kalangu ya san wannan dabara: idan ya matse igiyoyin a hammata muryar gangar ta yi sama, idan ya saki ta yi ƙasa ta yi kauri. A Mind Riot kuwa sun ɗaure tsirkiyoyin shida duka a kan murya ɗaya, wasu a sama wasu a ƙasa, shi ya sa waƙar take da wani amo mai faɗi da ba ya yankewa. Wannan gado ne daga Iommi, amma sun kai shi inda shi bai kai ba. Amfaninsa ya wuce nauyi kawai. Idan ka sauya ɗaurin tsirkiya, duk abin da yatsunka suka haddace ya tashi aiki, dole ka nemi sabuwar hanya. Shi ya sa rif ɗin wannan faifan ba sa kama da na kowa.

Abu na biyu, kuma wanda ni a ganina shi ne sirrin faifan, shi ne lissafin bugun. Kusan duk waƙoƙin rok da na rawa da ke fitowa daga Amurka a kan huɗu suke tafiya: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a sake. Jiki ya saba da wannan, ƙafa tana bi ba tare da tunani ba. Baitocin Outshined a kan bakwai suke. Ka ƙirga huɗu, ka ƙirga uku, sai rif ɗin ya dawo tun kana jiran bugu na takwas da ba zai zo ba. Kowane zagaye sai ka ji kamar an janye maka wani abu daga ƙarƙashin ƙafa. Idan aka zo amshi sai su koma huɗu, kuma wannan komawar tana zuwa da wani irin sauƙi, kamar an saki numfashin da aka riƙe. Waƙar tana magana ne a kan mutumin da a waje ake ganinsa garau amma cikinsa a dagule yake, wani lokaci ya ji ya fi kowa, wani lokaci ya ji bai kai kowa ba. Bugun da ke ɗingishi a baiti ya miƙe a amshi yana faɗin wannan tun kafin a fahimci kalma ɗaya ta Turancin.

Akwai ƙungiyoyin rok da yawa da suka yi wasa da irin wannan lissafi tun shekarun 1970, amma galibinsu suna yi ne don a ga sun iya. Za ka ji suna nuna maka wurin da suka karya bugun. A nan ne ruhin pank ya yi aikinsa. Thayil ya bayyana cewa yawanci ba sa ƙirga bugun waƙa sai bayan sun gama rubuta ta, rif ne ke zuwa da tsawonsa, su kuma su bar shi yadda ya zo. Matt Cameron ne ke da alhakin sa abin ya zauna, kuma yana yi ba tare da jawo hankali zuwa kansa ba. Mutum zai iya shekara yana kaɗa kai ga Outshined bai san a kan bakwai yake kaɗawa ba. Face Pollution, wadda Shepherd ya tsara kiɗanta, ita ce hujja mafi bayyana: ba ta kai minti biyu da rabi ba, gudu take yi irin na pank tsantsa, amma a kan tara take tafiya, har da kakakin Turawa a ciki. Ɗan pank na gargajiya ba zai iya kaɗa ta ba. Ɗan metal na gargajiya kuma ba zai yarda ya gama ta da wuri haka ba.

Rusty Cage ta haɗa hanyoyin biyu a jere cikin waƙa ɗaya. Tana farawa da jita biyu suna amsa wa juna, sai ta ɓalle da gudu kamar abin da aka kwance daga turke, kuma maganarta ke nan, mutum ne ke cewa zai fasa kejin da aka kulle shi ya tsere. Ana cikin wannan gudun, kusa da ƙarshe, sai ƙasa ta buɗe. Gudun ya tsaya cak, wani rif mai jan ƙafa ya shigo, mai nauyin da ya fi duk abin da ya gabata. Minti huɗu da ɗoriya, an taso daga Black Flag an sauka a Black Sabbath, kuma babu inda aka ji ɗinki. Ina ganin wanda bai ji komai ba a wannan juyin, sauran faifan ba zai yi masa amfani ba.

Sai murya. A nan metal ya yi rinjaye ƙarara. Chris Cornell yana da irin muryar da 'yan pank ke zargi, mai faɗi, mai hawa sama ba tare da ta sirance ba, wadda ake yawan kwatantawa da ta Robert Plant na Led Zeppelin. A Slaves & Bulldozers, waƙar da ta kusa minti bakwai tana rarrafe a kan jitar bas ɗin Shepherd, yana farawa daga ƙasa cikin gunaguni, ya riƙa hawa sannu a hankali har ya kai wani ihun da ban san mawaƙan rok da yawa da za su iya riƙe shi ba. Mawaƙan Los Angeles ma suna da irin wannan hawan. Bambancin yana cikin abin da ake yi da shi. Su suna ɗaga murya don su ce ku dube ni. Cornell yana ɗaga tasa ne yana maganar yadda ake juya mutum, ake amfani da shi, yana sane amma ya kasa ƙwacewa. Babu waƙa ɗaya a cikin 12 ɗin faifan da ke yabon mota, ko giya, ko farautar mata. An ɗauki makaman nuna isa an yi amfani da su wajen bayyana rauni da fushi da shakka. Wannan shi ne ainihin abin da nake ƙauna a Badmotorfinger, ƙarfin da ba ya tare da alfahari.

Haka abin yake a wajen jita. A metal na wancan zamanin, kowace waƙa tana da wurin da ake dakatawa mai jita ya fito gaba shi kaɗai ya nuna saurin yatsunsa. Thayil yana da irin waɗannan wurare, amma abin da yake yi a cikinsu ya fi kama da ɓarin sauti: kukan lasifika, tsirkiyar da aka ja har ta fita daga kari, hayaniyar da aka sarrafa. A ƙarshen Room a Thousand Years Wide ma ba jita aka ba filin ba, an ba wa mai busa saksofon ne, ya yi ta kururuwa.

Waƙar da ta fi jawo surutu ita ce Jesus Christ Pose, kuma tana bukatar bayani domin sunanta kan sa a yi mata fahimtar da ba ita ba. Kiristoci da dama a Amurka da Birtaniya sun ɗauke ta a matsayin cin mutuncin addininsu, kuma MTV ta daina nuna bidiyonta. Abin da Cornell ya bayyana shi ne, waƙar suka ce ga taurarin da ke ɗaukar hoto sun baje hannuwa irin siffar da Kiristoci ke zana Annabi Isa da ita a kan gicciye, suna nuna kamar su ne waɗanda aka zalunta, alhali suna cikin daula. Wato zargin yana kan masu ɗaukar abu mai tsarki a wurin mabiyansa su mayar da shi kayan talla. Ko mutum ya gamsu da wannan bayani ko bai gamsu ba, abin lura shi ne wa aka nufa da kibiyar: tauraron rok, wato irin matsayin da shi kansa Cornell yake dab da hawa. Wannan ƙyamar tauraro daga pank ta fito. Kiɗan kuma shi ne mafi tsanani a faifan. Yana buɗewa da kukan lasifika, sai gangunan Cameron su shigo suna birgima ba hutu har kusan minti shida, jitocin suna sara kamar ana yanka kwano. Duk mutum huɗun ne suka tsara shi, kuma ana ji.

Akwai wata inuwa a bayan faifan da bai kamata a tsallake ba. A watan Maris na 1990, Andrew Wood, mawaƙin ƙungiyar Mother Love Bone, wanda ya taɓa zama gida ɗaya da Cornell, ya rasu sanadiyyar hodar heroin yana ɗan shekara 24. Cornell ya rubuta waƙoƙin juyayinsa, aka fitar da su a Afrilun 1991 da sunan Temple of the Dog, tare da makaɗan da suka kafa Pearl Jam. Wannan aiki ya koya masa rubuta waƙa mai taushi da tsari, kuma an ga tasirinsa watanni kaɗan bayan haka. A ƙarƙashin duk hayaniyar Badmotorfinger akwai waƙoƙi na gaske, masu kari da amshi da ake iya rerawa, abin da fayafayensu na baya ba su cika samu ba. Shaida ta zo a 1996 daga inda ba a zata ba. Johnny Cash, dattijon kiɗan karkarar Amurka, yana da shekara 64, ya sake rera Rusty Cage a faifansa Unchained, wanda Rick Rubin ya jagoranta. An cire gurnanin, an cire ihun, aka bar muryar tsoho da kiɗa mai sauƙi, waƙar kuma ta tsaya da ƙafafunta.

Faifan yana da rauninsa. Ya haura minti 57, kuma waƙoƙi huɗun farko, Rusty Cage, Outshined, Slaves & Bulldozers da Jesus Christ Pose, sun yi ƙarfin da sauran ba za su iya riƙe wannan matakin ba. Drawing Flies da Holy Water waƙoƙi ne masu kyau da suka yi rashin sa'ar zuwa bayan kunne ya gaji. Zamanin faifan CD ne, kowa yana cika shi don akwai wuri, kuma da an bi ƙa'idar pank a nan an rage biyu da abin ya fi kaifi. Kalmomin Cornell kuma wani lokaci sukan yi duhun da ko masu jin Turanci ba sa kamawa, hoto a kan hoto ba tare da zare ba. Sautin da Terry Date ya ba su busasshe ne, mai kaifi, wanda ya dace da rif amma ya hana waƙoƙi masu taushi irin Mind Riot sararin da suke bukata.

Zaman tsakiya kuma yana da tsadarsa. A ƙarshen 1991 Guns N' Roses, babbar ƙungiyar rok ta Los Angeles, suka ɗauki Soundgarden su riƙa buɗe musu wasa a manyan filaye, suka kuma bi su Turai a 1992. Ga 'yan pank na Seattle wannan kamar shiga gidan abokan gaba ne. Ga dubban da suka zo kallon Axl Rose, mawaƙin Guns N' Roses, kuwa, waɗannan mutane huɗu masu baƙaƙen kaya da ba sa wasa da jama'a baƙi ne. A bazarar 1992 kuma sai ga su a bikin Lollapalooza, taron masu kiɗan da ke adawa da irin su Guns N' Roses, tare da Pearl Jam da Red Hot Chili Peppers. Ƙungiyoyi kaɗan ne a lokacin za su iya hawa waɗannan dandamali biyu a shekara ɗaya, kuma a kowanne ana yi musu kallon 'yan ɗayan ɓangaren. An sake sa su a takarar Grammy a rukunin metal a 1992, yayin da 'yan jarida ke lissafa su a giranj, sunan da su kansu makaɗan Seattle ba su cika so ba. Faifan ya ci gaba da sayuwa a hankali har ya kai kwafi miliyan biyu a Amurka.

A 1994 suka fitar da Superunknown, wanda ya hau lamba ta ɗaya a Billboard ya kuma kawo musu Grammy biyu. Mafi yawan masu sharhi shi suke ɗauka a matsayin gwanintarsu, kuma ba na musun cewa ya fi faɗi, ya fi launi, ya fi sauƙin shiga. Amma a cikinsa an riga an sulhunta. Metal da pank sun narke sun zama wani abu na uku mai santsi, wanda rediyo ke iya ɗauka. A Badmotorfinger ba a kai ga sulhun ba tukuna, ana jin ja-in-jar a kowace waƙa, gwanintar da ke son ta baje kolinta da kuma wani abu da ke riƙe ta yana cewa a taƙaita, a faɗi gaskiya, a sauka. Ƙungiyar ta watse a 1997, ta sake haɗuwa a 2010, ta kuma zo ƙarshe bayan rasuwar Cornell a Detroit ranar 18 ga Mayun 2017 yana da shekara 52.

Ga wanda bai saba da irin wannan kiɗa ba, lasifikar waya ba za ta yi ba, domin rabin abin yana can ƙasa inda ƙaramar lasifika ba ta kaiwa. A nemi abin sawa a kunne mai kyau ko babbar lasifika. A fara da Outshined, a bi ganga ana ƙirgawa har a gano inda bugu na takwas ya ɓace. Daga nan a koma Rusty Cage a jira juyin ƙarshe, sannan Face Pollution. Slaves & Bulldozers a bar ta sai kunne ya saba, domin ita ba ta da gaggawa, kuma sai an ba ta minti bakwai ɗinta cif.